Takardu Uku na Gaggawa

Shekara goma sha ɗaya muna raba tebur ɗaya da shi a rumfar masu fito da kaya, dab da shingen kwastan, saboda haka kada wani ya ce mini ji na yi. Gaggawa muke ce masa, don ko shayi a tsaye yake sha. Aikinmu kuwa na mai haƙuri ne. Ka cika takardar bayyana kaya, ka kai mota sikeli, ka nemo shaidar asalin kaya da ta ingancinsa, ka biya kuɗin fito, sannan ka jira. Ka ƙetare shingenmu, na shingen ɗaya ƙasar ma su ce ba su san wannan ba, a sake daga farko.

Abin da ya karya masa zuciya tirelar fatu ce. Sati uku tana tsaye a rana saboda hatimi ɗaya, har wari ya kore mu daga rumfa. Mai kayan ya zage shi tas a gaban jama'a, ya kwashe aikinsa ya ba wani. Ranar ya kasa zama, ya kasa tafiya, yana ta zagaya tebur yana cewa wallahi shi ya gama roƙon ɗan'adam.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin zuwansa wurin wani boka, bayan aikin gama ya gama. Wani tsohon sito ne a bayan tashar manyan motoci, da rana tsaka amma ciki duhu. Kwaɗo marasa mabuɗi sun fi ɗari suna reto daga rufi. A tsakiya akwai sikeli, babu komai a kansa, amma allurarsa ba ta daina rawa ba. Bokan na zaune a bayan tebur kamar ma'aikaci, gabansa ƙwaryar tawada mai ƙarnin jini. Ya sa Gaggawa ya ɗebo ƙasa daga ƙarƙashin shingayen biyu, ya kwaɓa ta da tawadar, ya hura mata numfashi sau uku, sannan ya dangwala wani ɗan hatimi na ƙashi a ciki.

"Duk takardar da ka buga wa wannan, idon ma'aikaci zai zame a kanta," in ji bokan. "Shekara uku."

"Nawa zan biya?"

"Kai da ka zo gudun biya? Ajiye kuɗinka. Amma ka fi ni sani, iyaka ƙofa biyu gare ta. In kaya ya shigo, wani ya fita."

"Wane kaya?"

"Ba aikinka ba ne. Sa hannu kawai."

Ya tura masa takardun fitar da kaya guda uku, layin sunan kaya a buɗe. Nan ne har yau raina ke ɓaci. Sau nawa na ji Gaggawa yana gargaɗin 'yan kasuwa kada su kuskura su sa hannu a takardar da ba a cika ba? Amma ya zaro biro ya rattaba. Bokan ya ninke masa su, ya ce ya adana, kowace shekara ɗaya za ta yi aiki.

Arziki ya zo kamar an ɓalle famfo. Motocinsa ba sa ko kashe inji a shinge. Tayoyi, taki, injinan niƙa, har da abin da doka ta hana shigowa da shi, duk a ɗaga musu hannu. Ya yi gidan sama, ya sayi tireloli huɗu, ya ba ƙanensa tuƙin ɗaya. Na yi masa ba'a na ce ko ya auri 'yar shugaban kwastan ne. Bai yi dariya ba. Na lura ya fi da rashin zama, kullum hannunsa na shafa aljihun da takardun suke.

Shekara na cika, aka tarar da ƙanen a kan sitiyari tsakanin shingayen biyu, inji na aiki, ba rauni ko ɗaya, ba rai. Bayan an yi jana'iza Gaggawa ya buɗe takarda ta farko. An cika layin da baƙar tawada: namiji ɗaya.

Ya jefa hatimin a rijiya, washegari ya same shi a aljihu. Ya ƙona sauran takardun, ya same su a ninke ƙarƙashin matashinsa. Shekara ta biyu matarsa ta tashi lafiya, tana cikin shanya ta saki igiya ta fara dariya. Har yau ba ta dawo hayyacinta ba. A takarda ta biyu an rubuta: hankali ɗaya.

Saura takarda guda, saura 'yarsa guda, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare. Ya sayar da tireloli, ya ɗauki kuɗin a jaka ya je ofishin kwastan zai biya duk abin da ya zille wa. Ina tsaye a wurin. Yana magana, yana buga kanta, ma'aikacin na kallon bayansa yana kiran na gaba. Idon da ya sa aka kawar daga kayansa, an kawar da shi har daga kansa.

Ya koma sito a guje. Bokan ko kai bai ɗaga ba.

"Kayan da ya ƙetare ba ya dawowa. Ta ukun kuma hannunka na kai."

"Ka bar mini yarinyar, don Allah."

"Ni ban cika komai ba tukuna. Layi na nan a buɗe."

Ya dawo rumfa, ya zauna a kujerarsa, karo na farko da na gan shi zaune tsam. Ya ce, "Yaya, ara mini biro." Na ba shi, ban san me zai yi ba. Ya zaro takarda ta uku, ya rubuta sunansa a layin.

Bai mutu ba, da ma mutuwar ce. Yana nan a filin da ke tsakanin shingayen biyu, shekara shida ke nan, yana kai yana kawowa. In ya kai wannan ya juya, in ya kai wancan ya juya, ba wanda ya tare shi. Gidan saman an sayar don jinyar matar. 'Yar ta bar makaranta, ita ke kawo masa abinci. In ta miƙa masa kwano sai ya dube ta kamar baƙuwa, ya ce, "Baiwar Allah, me kika ɗauko? An biya?"

Ku masu ƙorafin dogon layi, ku tsaya a layinku. Na kwastan kuɗi yake karɓa ya ba ka rasit. Wanda ya ce ka wuce kyauta, a cikin gidanka zai zaɓi abin da zai ɗauka, kuma ba zai tambaye ka ba.