Agogon da Maharazu Ya Shanya a Falalen Mutan Ɓoye

Ku rage murya. Wanda ya san zai yi dariya ya tashi tun yanzu, don wannan ba tatsuniya ba ce. Maharazu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kun san shi. Amma labarin na matarsa ne, Hansatu, don ita ce ta je inda mu maza muka kasa zuwa.

Maharazu awon gonaki yake yi wa wani kamfani. Da ƙafa suke shiga daji, su zagaye fili, su fito. Kamfanin ya ba kowannensu agogo. Baƙi ne, mai kauri, ba ya jin ruwa, ba ya jin faɗuwa. Yana ƙirga taku, yana ƙirga bugun zuciya, yana zana duk hanyar da mutum ya bi, don oga ya san ba kwanciya ka yi a gindin bishiya ba. Kuma rana yake sha. Gilashin fuskarsa ne ke jawo caji daga haske.

Hansatu ba ta taɓa ƙaunar abin nan ba.

"Ka ɗaura wa kanka magulmaci a hannu," take ce masa. "Ko atishawa ka yi sai an sani a birni."

Wata Laraba cikin bazara ya dawo tun kafin la'asar. Ya zauna a bakin ƙofa. Bai nemi ruwa ba. Hansatu ta dube shi sau ɗaya ta ajiye muciya.

"Malam, me ya faru?"

Ya ce abokin tafiyarsa bai zo ba, shi kaɗai ya shiga Kwarin Gamji. Hannun rigarsa ya rufe agogon tun safe, bai lura ba, sai da ya ga caji ya koma kashi huɗu. In ya mutu, aikin ranar ya tafi a banza, oga zai ce bai fita ba. Sai ya hango falalen dutse, shimfiɗaɗɗe, rana na dukansa. Rana tsaka ce. A tsakiya akwai wasu jajayen abubuwa a baje. Ya sa gefen takalmi ya share su, ya ajiye agogon.

"Da ƙafa?" in ji Hansatu. "Ka share shanya da ƙafa?"

"Ban san shanya ba ce."

"Kai ɗan ƙauye? Ka taɓa ganin tsakuwa ta jeru da kanta layi-layi? Ka yi sallama?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ko bisimilla?"

Ya girgiza kai.

Ya ce yana ɗagowa daga ajiye agogon ya ga wata tsohuwa a kan dutsen. Ba takalmi a ƙafarta, alhali dutsen ya isa ya gasa nama. Dugaduganta ne a gaba, yatsun suna baya. Tana tsaye a gabansa, amma muryarta daga ƙeyarsa take fitowa.

"Wa ya ba ka ranata?" ta ce.

"Iya, rana ai ta Allah ce."

"Gurbin nan nawa ne. Ka watsar min da barkono ka shanya naka."

Ya fizgi agogon ya ruga. Sai da ya fita kwarin ya duba fuskarsa. Kashi ɗari. Ko minti biyar bai yi a kan dutsen ba.

Zuwa Juma'a Maharazu ya daina magana. Yana kwance, idonsa a buɗe, ba ya ganin kowa. Da rana ta take tsaka sai ƙafafunsa su fara motsi a kan tabarma kamar mai tafiya. Tafin ƙafarsa ya yi zafi, ya tashi, ya fashe. Mutumin da bai taka ƙasa ba.

An kai shi asibiti, aka ce ba a ga komai ba. Wani malami ya zo ya yi tofi, ya ba da rubutu, ya ja Hansatu gefe ya ce, "Jikin ne a nan. Kurwarsa tana wani wuri tana bauta."

Hansatu ta cire agogon daga hannunsa, ta jefa cikin kwalla, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado. Bayan kwana goma ta buɗe. Kashi ɗari. A cikin duhu. Ta zauna da shi a hannu har rana ta yi tsaka. Sai lambar taku ta fara hawa da kanta. Ɗari uku. Dubu. Dubu huɗu. A fuskar agogon layi yana zana kansa, yana zagaye wuri ɗaya, yana sake zagayewa. A kan tabarma ƙafafun mijinta suna tafiya.

Ba ta yi kuka ba. Ta fito ƙofar gida ta ce a raka ta Kwarin Gamji. Wannan ya ce yana da shuka. Wancan ya ce ƙafarsa. Ni na ce a jira abin da malamin zai ce.

"Ku jira," in ji ta. "Gemu dai kuke da shi."

Washegari ta auna barkono mudu biyu, wanda ita da kanta ta shanya. Ta ɗaure a tsumma, ta ɗora a kai. Ta riƙe agogon a tafin hannu ta bi layin da ya zana. Shi ya kai ta.

Kwarin shiru. Ba tsuntsu. Ba iska. Inuwarta ta shige ƙarƙashin ƙafarta lokacin da ta isa falalen. Ta tsaya daga gefe, ba ta hau ba.

"Salamu alaikum, masu wuri."

Ba amsa. Amma tana jin taku a kan dutsen, sannu-sannu, na mai jan ƙafa. Ya tsaya. Ya ci gaba. Sai ta ga barkono guda ɗaya ya fito daga tsagin dutse, ya tashi da kansa, ya sauka a layi. Sannan aka yi tari. Ta san tarin nan. Shekara tara tana jin sa.

"Salamu alaikum!"

Sai a sallama ta uku aka amsa mata daga ƙeya. Tsohuwar kuwa tana gabanta.

"'Yar Adam, me kike nema?"

Hansatu ta sauke ƙullin ta kwance shi. "Ga barkononki. Mudu biyu ne. Wanda ya watsar bai kai ɗaya ba. Ki ba ni mijina."

"Bai gama tsincewa ba."

"Ba zai gama ba, kin sani. Yana tsincewa kina mayarwa."

Tsohuwar ta matso. Ƙafafunta suna tafiya baya, ita tana zuwa gaba.

"Ba kya tsorona?"

"Ina tsoro. Haushi ne ya fi yawa." Ba ta ja da baya ba. "Ya yi laifi. Kafin ke, ni na fara yi masa faɗa. Amma kwana goma sha biyu a kan wutar dutse? Ke ba mace ba ce? In akuyar maƙwabta ta shiga shanyarki, yanka ta kike yi? Ana biya, a wuce wurin!"

Tsohuwar ta ɗauki barkono ɗaya ta karya, ta shinshina. Ta daɗe tana kallon Hansatu.

"Ya bushe da kyau," ta ce. "Kin yi sallama, kin kawo ramuwa. Tafi da shi." Sai ta nuna agogon da haɓa. "Amma wannan ya sha ranata da numfashinsa a haɗe. Abin da ya cuɗe ya cuɗe, ni ma ba na iya raba su. Kullum ki ba shi rana. Muddin yana da rai, mijinki yana da rai."

"In ya mutu fa?"

"Kin ji abin da na ce. Juya. Kada ki waiwaya."

Ta juya. Taku na bin ta, ja, ja, ja, har bakin gari. Wuyanta ya ƙage don ƙin waiwaye. Tana shiga gida ta tarar da Maharazu a zaune yana cewa a dama masa fura.

Ta duba agogon. Kashi casa'in da tara.

Daga ranar ya koma cin caji kamar kowane agogo. Ta kai wa mai cajin waya a kasuwa, ya jona masa wuta yini guda, bai ƙaru da ko ɗaya ba. Rana kaɗai yake karɓa. Don haka kowace safiya, kafin ta hura wuta, sai ta goge gilashin da gefen zane ta ɗora shi kan katanga. Rana ta karkata, ta juya shi. Kaza ta hau katangar, ta sha jifa.

Watan marka ne ya fi ba ta wuya. Kwana shida sama a rufe, yayyafi ba tsayawa. Caji, da dama ya yi ƙasa, ya sauka zuwa kashi tara. Maharazu ya kasa ɗaga kai daga matashi. A rana ta bakwai gajimare ya tsage kaɗan, Hansatu ta hau kan rumbu da zanenta jiƙe, ta miƙa hannu sama da agogon, tana zagin hadari kamar yana jin ta. Da yamma mijinta ya tashi ya ci tuwo.

Wata bakwai ta riƙe shi haka. Ya yi noma. Ya yi girbi. Ya mayar da jiki.

Sai ƙanwarta ta haihu a wani gari, dole ta je ta kwana biyu. Ta tsaya a kaina da agogon a hannu.

"Yaya, amana. Rana ta fito ka ɗora shi, ta faɗi ka shigar. Kada ka ba kowa."

Da ta dawo, ko kayanta ba ta sauke ba ta kalli katanga. Babu komai.

"Yaya, ina yake?"

Na gaya mata. Ogansu ne ya zo da farar mota da takarda a hannu, Maharazu yana gona. Ya ce agogon kayan kamfani ne, tunda ya bar aiki a dawo da shi. Na ba shi labarin duka. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, a wannan zamanin?" Mutane sun taru a ƙofar gida. Ya ɗaga murya ya ce bai san gidanmu gidan riƙe kayan mutane ba ne. Kunya ta kama ni. Na miƙa masa. Na ce don Allah ya riƙa sa shi a rana. Ya ce to, to. Ina kallo ya jefa shi aljihun mota ya rufe.

Hansatu ta dube ni tun daga kai har ƙafa.

"Kunya," ta ce. "Ni na tsaya gaban wadda ƙafarta ke baya, kai ka kasa tsayawa gaban mai takarda."

Ba ta sha ruwa ba ta hau motar birni. A ofishin aka ce oga ya yi tafiya. Ta koma, aka ce an zuba agogunan a sito, mai makulli ba ya nan. Ta koma, aka ce sai Litinin. Litinin aka ce kayan sun wuce babban ofis, ko ba su wuce ba, ba wanda ya sani. Ta kama ƙarfen get tana jijjigawa.

"Ba ba ni za ku yi ba! Ku riƙe abinku! Ku fito da shi ku ajiye a taga kawai! A taga!"

Maigadi ya ce a yi haƙuri da ita, ba ta da lafiya. Masu wucewa suna dariya.

A gida Maharazu yana raguwa kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Sati na farko ya daina zuwa gona. Na biyu ya daina zuwa masallaci. Bai taɓa ce min komai ba, wannan ya fi zagi ciwo. Hansatu tana dawowa daga birni ta fito da shi tsakar gida ta kwantar a rana, ko za ta yi masa amfani. Ba shi ne mai shan ranar ba.

Kwana goma sha tara cajin ya yi. Maharazu ya rasu da azahar. Ranar kuwa ana ƙwalla rana, ko ɗigon gajimare babu, haske na zuba a kan katanga, a kan rufi, a kan juji, ko'ina a banza.

Da na shiga yi mata gaisuwa ba ta ɗago ba. Abu ɗaya ta faɗa.

"Aljana ta cika alkawarinta, Yaya."

Shekara uku ke nan, ba ta ƙara ce min uffan ba, kuma ban ga laifinta ba.

To ku ji ni. Kada wanda ya shiga Kwarin Gamji shi kaɗai, balle da rana tsaka. In kun ga falalen dutse a daji, ku yi sallama daga nesa ku kewaye, ko da idonku bai ga komai a kai ba. In kuma aka ba ku amanar ran mutum, ku bari a kira ku ɓarayi a gaban duk gari. Zagi ba ya shiga kabari da kowa.

Ku tashi ku kwanta. Ba na son tambaya.