Miyar Kifi a Gidan Malam Ilu

Ranar kasuwar Ƙaraye Nuriyya ta fara ganin Bahauddeen, a rumfar mai cajin waya. Ta zo daga Rogo Sabon Gari yi wa mahaifiyarta sayayya, wayarta ta mutu, ta tsaya jira. A bencin rumfar wani saurayi ya duƙufa kan tasa wayar yana tsaki. Da ta kai ido, sai ta ga wasan da ita ma take bugawa: na jiragen ruwa, inda ake haɗa ayari a teku, a yi fatauci tsakanin tsibirai, a kuma ciyar da matuƙa kafin su yi bore.

"Malam, mutanenka za su ƙare," in ji ta.

Ya ɗago kai. "Sun ma fara. Ga biskit cike da rumbun jirgi, amma sai zubewa suke yi."

"Biskit kaɗai? Haɗa kifi mai gishiri da albasa da lemon tsami a tukunya ɗaya, wasan zai buɗe maka miyar matuƙa. Ita ke hana ciwon dasashi."

Masu wasan ba su ƙago wannan ba; tun ƙarni na sha takwas likitocin jiragen Turawa suka gano amfanin lemon tsami ga masu doguwar tafiya a teku. Bahauddeen bai san tarihin ba, amma da ya gwada, matuƙansa suka miƙe.

"Ranki ya daɗe, jirgin nan ba shi da kuku."

"Na lura. Kyaftin ma da sauransa."

Duk da haka ta ba shi sunan da take amfani da shi a wasan. Kafin damina ta yi nisa ta zama mai kula da tukunyar ayarinsa. Ita ta gano cewa kaguwa da barkono na ƙara wa matuƙa ƙarfin tuƙi, burodin kwakwa kuma ba ya ruɓewa. Yana kiranta Uwar Jirgi, tana kiransa Kyaftin.

Wata safiya ya rubuto: "Uwar Jirgi, na ci girkinki a tsibirai da yawa, ban taɓa jin ɗanɗanonsa ba. Ki ba ni izini in turo manya."

Ta amsa: "Ka turo, Kyaftin. Amma ka sani, ba a taɓa dafa kifi a gidanmu ba."

Ga dalilin. Mahaifinta Malam Ilu ba asalin mutumin Rogo ba ne. Gonar ubansa tana cikin ƙasar da ruwa ya rufe lokacin da aka kammala madatsar Challawa a farkon shekarun 1990. Ya taso da iyalinsa, ya koma noman gyaɗa a Rogo, ya kuma hana a shigo masa da kifi gida. Bai yi rantsuwa ba, umarni kawai ya bayar, amma an bi shi fiye da rantsuwa. Bahauddeen kuwa ɗan Barau ne, masuncin da ke jefa koma a wannan ruwa.

Da manya suka zo, Malam Ilu ya karɓe su da mutunci, ya sallame su ba amsa. Bayan tafiyarsu ya ce wa matarsa Turai, Nuriyya na ji: "Ba zan yi mata dole ba. Amma mutumin da ke cin abinci a kan gonar ubana ba zai zama surukina ba. Ga Lukumanu mai hatsi na Beli, in tana so."

Labarin Lukumanu ya isa Ƙaraye da ƙari. Aka ce wa Bahauddeen har an sa rana. Bai tambaye ta ba. Ya cire sunanta daga ayarin, ya daina rubuto mata.

Nuriyya ta ga an rufe mata ƙofar tukunya, ta kuma ji jita-jitar da ke yawo, ranta ya ɓaci. Ta rubuta: "Kyaftin da ke korar kuku saboda jita-jitar kasuwa bai cancanci jirgi ba. Ban karɓi kowa ba, ba kuma zan karɓa ba. Gobe ka aiko mini da tarwaɗa mafi girma da Baba Barau ya kama."

"Ki gafarce ni, hasken idona. Amma tarwaɗa a gidanku?"

"Ka aiko kawai."

Washegari da hantsi, Malam Ilu yana gona, ɗan acaɓa ya kawo kifin a buhu. Turai ta dubi buhun, ta dubi 'yarta.

"Nuriyya, kin san abin da kike shirin yi?"

"Na sani, Inna. In zai yi faɗa, ya yi da ni ina tsaye."

Turai ta shige ɗaki, ba ta hana ba, ba ta taimaka ba. Nuriyya kuwa ba ta taɓa riƙe ɗanyen kifi ba. Abin da ta sani shi ne na wasa, inda ake jefa kaya a tukunya miya ta fito. Ta yanka shi yadda ta iya, ta zuba gishiri irin na masu tafiyar wata da watanni, ta matse lemon tsami har hannunta ya yi zafi.

Malam Ilu ya dawo da azahar. Tun daga zaure ya tsaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba." Ta durƙusa, ta ajiye kwanon a gabansa, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Kin manta umarnina?"

"Ban manta ba. Baba, kifin nan a gonar Kaka ya girma. Shi ne amfanin da gonar take bayarwa yanzu. Tun kafin a haife ni kowa ke ci, har Kano ake kai shi, kai kaɗai ka ƙi karɓar rabonka. Ba Baba Barau ya kawo ruwan ba. In ka hana ni Bahauddeen zan zauna a gidanka, ba zan gudu ba, amma Lukumanu ya nemi wata."

Malam Ilu ya daɗe yana kallon kwanon. Can ya zauna a kan tabarma, ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma. Fuskarsa ta yamutse.

"Wa ya koya miki wannan aika-aika?"

"A waya na koya, Baba."

"Wayar ba ta ce a wanke tarwaɗa da toka ba? Wannan gishiri kuma, jimar fata za ki yi?" Ya juya wajen ɗaki. "Turai, fito. Nuna wa yarinyar nan yadda mahaifiyata take yi, da daddawa da citta. Ba za a kai ta gidan masunta ta ba mu kunya ba."

Turai ta fito tana goge ido da bakin zane. Nuriyya ta dafa ƙasa ta ce, "Allah ya ƙara girma, Baba."

"Ki ce wa yaron ya dawo da manyansa. Barau kuma ya zo da kansa. Ina so ya ɗauke ni a kwalekwale, in nuna masa inda tsamiyar gonarmu take."

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura auren a ƙofar gidan Malam Ilu. Masunta daga Ƙaraye da manoma daga Jajaye da Beli suka zauna a tabarma ɗaya, Barau a gefen Malam Ilu. Da liman ya shafa fatiha, Malam Ilu ya riƙe hannun Bahauddeen bai saki da wuri ba.

"Na ba ka ita. Tana da taurin kai, a wajena ta gado, kada ka ce ba a faɗa maka ba. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa tukunyarku kada ta rasa abin dafawa."

Jama'a suka amsa da amin.