Rijiyar da Ke Ƙarƙashin Ciyawa

Shekara sha tara ina ban ruwa a lambun kaburburan sarakunan Delhi. Akwai wani wuri bayan babbar ƙubba da ban taɓa shayarwa ba, amma kullum ciyawarsa kore shar.

Rannan da almuru, bayan an kulle ƙofa, ina naɗe tiyo sai ga wata mata tsaye a wurin, zanen sarin da ta ɗaura jiƙe sharkaf, tana warin laka.

Na ce, "Baiwar Allah, an tashi fa."

"Ina rijiyarmu?" Muryarta kamar daga cikin rami.

Na ce, "Tun da Turawa suka tashi ƙauyen da ke nan aka rufe ta."

"Na sani, ai ina ciki." Ta leƙo fuskata. "Girdhari, ba kai ka ɗora dutsen ba?"

Girdhari marigayi kakana ne, kamarmu ɗaya sak.