Katin Mai Tsaron Gida

A wani gari, a wani zamani, an yi wani tsohon malamin makaranta mai tara katunan 'yan ƙwallo da ake sakawa cikin cingam. Fanshonsa kaɗan ne, saboda haka cingam ɗaya yake saya duk Juma'a. Katin mai tsaron gida kaɗai ya rage masa bai samu ba.

Ya saya, ya buɗe, ɗan baya. Ya saya, ya buɗe, ɗan bayan nan dai. A karo na bakwai ya ɗauki sandarsa, sai kanti.

"Wannan zalunci ne, Jatau," ya ce wa mai kantin, tsohon ɗalibinsa. "Ni da ko haƙoran tauna cingam ba ni da su. A biya ni diyya."

Jatau ya russuna. "Allah gafarta Malam, mai tsaron gida ɗaya aka taɓa gani a garin nan, kuma nawa ne. Ina aji huɗu ka ƙwace shi, ka jefa a masai."

Malam ya gyara tabarau. Can sai ya zube katunansa duka a kan tebur.

"Ga diyyarka," ya ce. "Amma bar mini ɗan bayan nan guda ɗaya, mun saba."