Hulunan Gwaggo Uwani

"Ba zan ba ka sunayensu ba, Malam Ja'afaru!"

Ya ɗauke hannunsa daga kan tafireta ya dube ni, irin kallon nan nasa mai kashe mini jiki.

"Saudatu, mutanen nan ba sa ba da tallafi da ka. Suna son su san wa za a taimaka wa."

"Rubuta musu mata ne, masu rufin asiri."

"Za su ce su waye? A ina suke? Za su turo wakili ya gani da idonsa..."

"To su riƙe abinsu!"

Na faɗa da ƙarfi, ga hawaye na neman tona mini asiri.

Marigayiya mahaifiyata ce ta kafa ƙungiyar tamu a boiskwatan gidanmu na Nasarawa, a Kano. Ba ta taɓa kiran abin da take yi sadaka ba. Matan da mazajensu suka rasu take nema, irin waɗanda gara su kwana da yunwa da a ce sun miƙa hannu. Ta ba su zare da yadi su ɗinka hula, ita kuma ta saya da daraja. Masu kyau a kai kasuwa, waɗanda ba za su sayu ba a zuba su a sito a kulle. Babu wadda ta taɓa sanin nata ba ya fita.

Da ta rasu sai abin ya dawo kaina, jarin kuma ya fara ƙonewa. A lokacin kuwa kuɗin man fetur ya fashe a ƙasa, kowane gida a layinmu da sabuwar Marsandi. Amma attajiran zamanin, ka je musu da maganar taimakon da ba za a faɗa a rediyo ba, sai su fara duba agogo.

Shi ya sa na ɗauko Ja'afaru. Aikinsa ke nan, rubuta wa makarantu da ƙananan asibitoci takardar neman tallafi zuwa gidauniyoyin Turai. Ranar farko da ya zo a kan wani tsohon babur, tambayoyinsa suka ishe ni.

"Me kuke so ƙungiyar ta zama nan da shekara biyar?"

"Abin da Allah Ya so."

Ya yi murmushi.

"Haka ne, Malama. Amma babu gurbin wannan amsar a fom ɗinsu."

Na ji kamar in kore shi. Ban kore shi ba. Wata uku muna zama, ina faɗa yana bugawa, yana karanta mini da Turanci yana mai da mini da Hausa. Mutumin nan in ya rubuta yunwa, sai ka ji cikinka ya murɗa. Ban san ranar da Malama ta koma Saudatu ba, ban kuma san ranar da na fara kasa kunne ga ƙarar baburinsa ba. Na so shi, so mai tsanani, irin wanda ba na fatan ko maƙiyiyata ta yi.

Shi kaɗai na taɓa buɗe wa siton. Na nuna masa hulunan Gwaggo Uwani ta Kaura Goje, wadda idonta ya yi rauni shekara shida ke nan, zaren yana hawa kan zare, amma duk Juma'a sai ta aiko da sabuwa.

"Ba ta sani ba?" ya tambaya a hankali.

"Ranar da ta sani, ranar na kashe ta."

Baba kuwa da ya ji ƙishin-ƙishin ɗinmu, ko zama bai ce in yi ba.

"Wannan mai baburin? Ke ko kunya! Roƙo fa sana'arsa, sai dai shi da Turanci yake yi."

"Baba, mutumin kirki ne..."

"Ga Zubairu ɗan yayana yana neman aurenki, kwangila har tana yi masa yawa. Ki rufe wannan shirmen na uwarki ki yi hankali."

Yaya Zubairu bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shi murmushi ne makaminsa. Kullum sai ya biyo ta boiskwata ya gaisa da Ja'afaru hannu biyu-biyu, yana ce masa babban marubuci, idonsa da kunnensa kuma na kan duk abin da ake yi a wurin.

Rannan da muka yi rigimar sunaye, daga baya Ja'afaru ya sassauta murya.

"Saudana, sun amsa takardarmu. Abu ɗaya ya rage, wakiliyarsu za ta zo mako mai zuwa. Gida ɗaya kawai za ta shiga. In ba haka ba, aikin wata uku ya tafi, matan nan kuma damina na zuwa."

"Ko ƙofa ɗaya ban yarda ba. Ka yi mini alkawari."

"Na ji."

"Na ji" kawai ya ce, bai ce "na yi" ba. Ni kuma so ya toshe mini kunne.

Ranar Talata na tafi Zariya bikin ƙawata, kwana biyu. Na dawo Alhamis da hantsi, ko mayafi ban cire ba maigadi ya ce wata tsohuwa tana jirana tun safe, ta ƙi shiga, ta ƙi shan ruwa.

Gwaggo Uwani ce, zaune a kan dakalin boiskwata, ƙafafunta fari fat da ƙura. Daga Kaura Goje ta tako.

Na durƙusa.

"Gwaggo, lafiya? Da kin aiko ai da na zo..."

"'Yar nan, jiya an kawo mini Baturiya."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Farar mota har ƙofar gida, unguwa ta cika. Malaminki ne tafinta. Ta riƙe hannuna tana ta tausaya mini. Wai shekara nawa ina karɓar taimako."

"Gwaggo..."

"Na ce wane taimako? Ni sana'a nake yi. Shi dai ya ƙi mayar mata da Turanci. Sai ta nuna idona, ta nuna hular da ke hannuna, ta girgiza kai. Wannan kam ba ya bukatar tafinta."

Ta dafa bango ta miƙe.

"Ina ake kai hulunana?"

"Kasuwa, Gwaggo."

"Ki dubi girman Allah, Sauda. Ki dubi kabarin uwarki."

Na tashi na buɗe siton.

Ta shiga tana lalube. Ta ɗauki hula ɗaya ta shafa, ta ajiye, ta ɗauki wata. Ba ta gani sosai, amma yatsunta sun san ɗinkinsu.

"Wannan da azumi na yi ta... Wannan ina zazzaɓi, na ce kada mai saye ya jira."

Ba ta yi kuka ba. Wallahi da ta yi da na fi samun sauƙi.

"Ashe shekara shida bara nake yi ban sani ba. Har ina yi wa maƙwabta gorin ban taɓa cin na kowa ba."

Ta kwance bakin zaninta, ta ajiye mini ragowar zare da allura a bakin ƙofa.

"Allah Ya saka da alheri. Kada a sake aiko mini."

Na bi ta ina kuka, na ce ta bari ko a mota a kai ta. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Da la'asar Ja'afaru ya zo, fuskarsa duk ta faɗa.

"Zubairu ne ya kawo mini kwatancen gidan. Ya ce ke kika aiko shi, kin sauko, nauyin faɗa mini kike ji..."

"Ka yarda?"

Ya shiga murza makullin baburinsa.

"Malam, tambayarka nake. Ka yarda ni zan aiko Yaya Zubairu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ban yarda ba, Saudatu. So na yi in yarda. Na ga abin ya zo hannu, na ce in an samu tallafin za ki huce."

"Shi na san abin da yake nema, ya kuma samu. Kai fa? Kai na buɗe wa siton nan!"

"Masoyiyata, don su na yi..."

"Kada ka sake kirana da wannan sunan!"

Labari ba ya kwana a Kano. Kafin sati ya zagayo, matan suka fara dawo da zare, wata ta aiko, wata ta kawo da kanta ba ta ko haɗa ido da ni. Har waɗanda hulunansu ke sayuwa da gaske, don babu wadda ta ƙara yarda da kyan hannunta. Gwaggo Uwani ta kulle ɗakinta ta koma ƙauyensu wajen Ringim. Ba ta ga ƙarshen daminar ba.

Sati biyu da rasuwarta Ja'afaru ya shigo da ambulan mai tambarin ƙasar waje. Ya rame, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Sun amince, Saudatu. Duk abin da muka nema. Sun ce ziyarar ce ta fi taɓa su."

Na dubi boiskwatan. Zare jibge a kusurwa, babu mai ɗinkawa.

"Zauna, Malam. Akwai sauran aiki ɗaya."

Ya zauna gaban tafireta.

"Rubuta musu mun gode. Ka ce ƙungiyar ta rufe."

"Sauda, don Allah... Za mu nemo wasu matan. Zan bi gida-gida in ba da haƙuri. Ki bar ni in gyara."

"Gidan farko da za ka je babu kowa a ciki."

Ya daɗe yana kallona, ni kuma ina kallon bango, don na san in na dube shi zan karaya. Har a lokacin ina sonsa, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ya zura takarda ya fara bugawa, hawayensa na ɗiga a kan haruffan. Da ya gama ya buɗe baki zai karanta mini kamar kullum.

"Bar shi," na ce. "Na san ka iya."

Na sa hannu. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya rufe tafiretarsa ya ɗaure a bayan babur.

"In dawo gobe?"

"Ka biya ta gidan waya, Malam Ja'afaru. Daga can ka wuce."