Allurar Doki

"Ɗauke hannunki daga jikin ɗana!"

Yudelka ba ta ɗauke ba. Tana durƙushe a tsakar gidan Doña Fefa mahaifiyar Amaurys, ta danne masa gwiwar hannunsa da ƙanƙara cikin tsumma. Wurin ya yi suntum.

"Mama, ki ƙyale ta mana..."

"In ƙyale ta? Hannun nan ne zai raba mu da rufin kwanon nan mai yoyo! Tun da 'yar gyaran gashin nan ta liƙe maka jifarka ta yi sanyi."

Kaf San Pedro an san Amaurys. Tun yana jefa wa yara murfin gora suna duka da sandar tsintsiya, har ya zama mai jifa a ƙungiyar wasan ƙwallon besbol ta garin. Ranar Asabar mutanen wani kulob na Amurka za su zo kallonsa, sai ga gwiwa ta ƙi.

Ana cikin haka Don Eladio mai horar da shi ya shigo, 'yarsa Nurys na biye da shi tana taunar cingam. Ya fito da wata 'yar kwalba mai hoton doki.

"Ta dawakin sukuwa ce, yaro. Nurys ta tsira maka da safen, ciwo ya gudu, ka jefa musu wuta."

"Hannuna ba zafi," in ji Nurys, ta yi wa Amaurys fari da ido. "Ba kamar na wasu ba."

Yudelka ta ƙura wa kwalbar ido. Irin wannan allurar aka yi ta yi wa yayanta Wilkin, har ƙodarsa ta tsaya, aka binne shi da rigar wasa.

Da suka keɓe da Amaurys a bakin ƙofa ta riƙe masa riga.

"Masoyina, don Allah kada ka yarda..."

"'Yar baƙata, sau ɗaya ne fa."

"Haka Wilkin ya ce!"

"Shekaruna sun fara ja, Yudelka. Idan suka tafi ba za su dawo don ni ba. So kike in koma saran rake kamar babana?"

"Ina son ka da rai, ko da rake ne."

Ya yi dariya, ya shafa kumatunta, ya shige ciki.

Washegari ta rufe shagonta, ta hau babur zuwa filin wasa, ta faɗa wa likitan ƙungiya komai. Aka ɗauki hoton hannun. Jijiya ta tsage. Aka cire sunansa daga gwajin, baƙin suka kalli wasu suka tafi.

Ya zo shagon da yamma, idanunsa jajir.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"Kin san abin da kika yi mini?"

"Na sani, rabin raina..."

"Kada ki ƙara kira na haka!"

Bai sake takowa ba. Don Eladio ya ɗauki nauyin tiyatar, Nurys ta yi jinya, kafin a kwance ɗinki an sa ranar aurensa da ita. Daga baya hannun ya warke, wani kulob a Japan ya ɗauke shi. Ko'ina a gari sai hotonsa.

Wata ranar Asabar, bayan shekaru, Doña Fefa ta shigo shagon da sarƙar zinari a wuya. Ta zauna a kujerar wankin kai ba tare da an ce mata zauna ba.

Yudelka ta kunna famfo.

"Likitocin can sun duba shi," tsohuwar ta ce, idonta na kan rufi. "Sun ce da ya yi jifar nan da allura a jikinsa, da ko cokali ba zai ƙara ɗagawa ba."

"Ya ji?"

"A gabansa aka faɗa, 'yata."

Ba ta taɓa ce mata 'yata ba. Yatsun Yudelka suka tsaya cikin furfurar.

"To me ya ce?"

"Ya ce... in gaishe ki. Nurys ta kusa sake haihuwa, kin gane."

Ruwa ya yi ta zuba a kwano.

"Rufe idonki, Doña," Yudelka ta ce a hankali. "Sabulun nan yana da yaji."