Wasiƙar da ke Cikin Gwangwanin Ƙugiya

Griselda na suyar kifi da ayaba a bayan gida, rana ta kusa faɗawa teku, sai wani abu ya daki kwanon rufi. Ba ta kula ba. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro har gaban murhunta. Baƙin dutse ne, a jiƙe.

Nan take ta juya ta harari gidan Donya Rosalba, tsohuwar maƙwabciyarta da suka yi cacar baki a kan kaji makon jiya.

"Donya, idan magana ce da ke ki fito ki faɗa! Jifa kuma da girmanki?"

Tagar tsohuwar a rufe take.

Mijinta Eudoro ya dawo da almuru, fuska duk gishiri. Aikinsa ke nan shekara ashirin: ya kwashi baƙi a jirginsa daga nan tsibirin Isabela, ya bi da su tsibiri tsibiri, su ga kunkuru, su yi iyo da zakin teku, su ɗauki hoton tsuntsayen nan masu shuɗin ƙafa. Ta miƙa masa dutsen. Ya juya shi, ya kankare yashin da ya manne a jiki. Yashin kore ne, kuma duk yankin ba inda ya san irinsa sai tsibirin Floreana. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya ajiye dutsen, ya ce ba ya jin yunwa.

Daga nan zargin Griselda ya rabu biyu. Ta daɗe da sanin akwai wata ambulan da yake ɓoyewa a gwangwanin ƙugiyoyinsa, ta sha ganinsa yana shafa ta idan ya zaci ba kowa. Namiji ba ya shafa takarda haka kawai.

Kwana huɗu ana jifan, kullum daidai faɗuwar rana. A na biyar 'yarsu Maritza, mai shekara goma sha tara, wadda ke yi wa baƙin jirgin bayani, ta ajiye cokali tana tsakiyar cin abinci. Ta miƙe ta nufi bakin ruwa ba takalmi. Sai da ruwa ya kai mata ƙirji uban ya cim mata. Da ya jawo ta, ta dube shi da idon da ba nata ba, ta ce da wata murya mai kauri, "Kai ka ɗauka."

Washegari ta sake, har sai da suka ɗaure ƙofa da igiyar jirgi. Tsoro ya kama Griselda irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga haushi a kai.

"Wace ce ita? Wace 'yar iska ka ajiye a Floreana da take son kashe mini 'ya?"

"Ba mace ba ce, Griselda."

"To mene ne?"

Ya sunkuyar da kai.

Ita ta hau tudu da kanta ta ɗauko Don Anacleto, tsohon da ke yi wa mutanen tsibirin magani. Ya iso da yamma da kyandir, da ɗanyen ƙwai, da damin ganye mai ƙarfin wari. Ya zaunar da Maritza a tsakar ɗaki, ya shafe ta da ƙwan daga ka har ƙafa, yana addu'a ƙasa-ƙasa. Gari ya yi tsit, ko karnuka ba sa haushi. Da ya fasa ƙwan a kofin ruwa, koren yashi ya kwanta a gindinsa.

"Kai wane ne?" in ji tsohon.

Yarinyar ta ɗago kai a hankali. "Mai gadin ganga."

Kowa a ɗakin ya san gangar. Gangar katako ce ta ajiye wasiƙu, tana nan a gaɓar Floreana tun zamanin masu farautar manyan kifaye. Ka jefa wasiƙarka ba kan sarki, wanda ya ga ta garinsu ya ɗauka, ya kai ta hannu da hannu. Eudoro da bakinsa yake faɗa wa baƙi dokar kowane mako.

"Me kake nema a jikin yarinyar nan?"

"An ɗauki nawa, zan ɗauki nasa."

"In ba ka zakara? In ba ka giya?"

Muryar ta yi wata dariya mara daɗi. "Ka sha abarka, tsoho. Shekara tara ina jira. Mai wasiƙar ta kusa barin duniya, ba zan bari ta tafi hannu wofi ba. Idan rana ta nutse yau ba ta karɓa ba, yarinyar ta biyo ni."

"Idan ta karɓa fa?"

"In koma gangata."

Don Anacleto ya juya ya kalli Eudoro. Eudoro ya ɗauko gwangwanin. Griselda ta fizge ambulan ɗin don ta ga sunan matar. Ta gani kuwa: Rosalba Yagual, Isabela.

"Ta ɗanta Fermín ce," in ji shi. "Na ɗauko ta ranar Laraba, ina cika baki gaban baƙi cewa maƙwabciyata ce. Kafin in iso gida labari ya riga ni, jirgin su Fermín ya nutse. Na ji kukanta daga bakin hanya, na kasa shiga. Na ce gobe. Kullum sai in ce gobe."

Saura ɗan jan rana kaɗan a kan ruwa. Griselda ta ja hannun rigarsa suka fita. Tsakanin ƙofarsu da ta tsohuwar bai fi taku goma sha biyu ba.

Donya Rosalba na kwance, ta rame sosai, abin da Griselda ba ta lura da shi ba duk kwanakin da take zaginta ta kan shinge. Ta karɓi ambulan ɗin ta shafa, ta mayar.

"Idona ya mutu, 'yar nan. Karanta mini."

Layi biyu ne kacal. "Mama, na huce, ki yafe mini abin da na faɗa. Ki ajiye mini miyar kifi ranar Lahadi."

A daidai lokacin suka jiyo Maritza daga can gida tana kiran "Mama!" da muryarta ta kullum. Griselda ta fashe da kuka, amma ba ta iya tashi ba, don tsohuwar ta riƙe mata hannu gam.

"Shekara tara," in ji Donya Rosalba, "ina zaton yana fushi da ni ya shiga ruwa."

Ta juyo da makafin idanunta wajen da Eudoro ke durƙushe. Ya jira tsinuwa.

"Eudoro, kai ne ka kawo?"

"Ni ne, Donya."

"Sannu da hanya," in ji ta. "Griselda, sake karanta mini wajen miyar nan."